Kunama da Littafin Kaka

Ranar da shugaban makaranta ya kira mu karo na uku, ko kujera bai nuna mana ba. Ni dai na jawo ɗaya na zauna, don gwiwoyina ba su san shugaba ba. 'Yata ta tsaya da farar rigar aikinta ta kantin magani, tana murza igiyar jaka. Jikata kuwa, wadda kowa ke kira Kunama, ta jingina da bango tana kallon fanka kamar ba zancenta ake yi ba. Shekararta goma a lokacin. Ni na laƙa mata sunan tun tana rarrafe, don ba ta gargaɗi, sai dai ka ji harbi.

Shugaba ya buɗe fayil ya ce, "Wata biyu, faɗa shida. Ta fasa wa ɗaya leɓe da gwangwanin fensir. Ta ture ɗaya a matakala. Jiya kuma cizo."

Na ce, "Malam, yara ai sai da haka. Harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Ya ce, "Mama, haƙorin jikarki ɗinki biyu ya bari a hannun 'yar mutane."

Sai na sunkuyar da kai, abin da ba kasafai yake samuna ba.

Ya gindaya mana sharaɗi. Mu kai ta asibiti, sashen masu duba halayyar yara, mu kawo masa takarda. Sannan kafin a yi hutu yana son ya ga mako huɗu a jere babu faɗa ko ɗaya. Saura mako bakwai a yi hutun. In ba haka ba, mu nemi wata makaranta. Wata makarantar kuwa mota biyu ake shiga kafin a kai. 'Yata bakwai na safe take buɗe kanti, uban yarinya shekara uku ke nan da ya sa ƙafa ya fita bai waiwayo ba, ni kuma matakalar gidanmu kaɗai ta ishe ni aiki. Korarta daga nan, zaman gida ke nan.

Ranar zuwa asibiti na tashi da shirina. Tun ina ƙarama na san ba a shanya tsumman gida a bakin titi. Na wanke yarinya tas, na gyara mata kai, na zaunar da ita na ce, "Ƙawata, saurara. Duk abin da aka tambaye ki, ki ce lafiya lau. Ki gaida mutane da ladabi. In kika fitar da mu kunya, takalmin nan mai igiya da kike ta roƙo, zan saya miki."

A wurin jira aka miƙo wa 'yata takarda mai tambaya arba'in. Tana dukan yara? Tana saurin fushi? Tana da ƙawaye? Kowace tambaya da akwati uku: ba ta taɓa ba, wani lokaci, kullum. Na ga biro ya nufi "kullum", na dafe hannun.

"Ke, kina da hankali? Takardar hukuma ce fa. Ajiye ta za su yi. Gobe ta girma a zaro a ce ga halinta."

"Inna, to me ya kawo mu?"

"Takarda ta kawo mu. Sa alama a nan."

Haka muka jera "ba ta taɓa ba" daga sama har ƙasa, ban da ƙawaye, nan muka ce kullum.

Na ɗauka zan tarar da dattijo da allura. Sai ga wata yarinya siririya da tabarau, wadda na haifi sa'arta, a ɗaki mai ƙananan kujeru da kwalin fensir masu launi da tabarmar roba. Likita ake ce mata, ni dai Mai Tabarau nake kiranta. Kunama ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna ta haɗe gwiwa kamar hoto. Duk tambayar da aka yi mata, lafiya lau. Har da aka ce mene ne ya fi ba ta haushi a makaranta, ta ce lafiya lau. Ni ina gefe ina jin daɗin aikina.

Mai Tabarau ta karanta takardarmu, ta karanta ta makaranta, ta ajiye su kusa da juna.

Ta ce, "Bisa wannan, yarinyar nan ba ta taɓa yin fushi ba tun da aka haife ta. Ni ma ina son irinta." Ta dube ni ta saman tabarau. "Kaka, zan iya rubuta wa makaranta cewa ban ga komai ba. Su kuma sun ga ɗinki biyu. Wa kike jin za su yarda da shi?"

'Yata ta fashe da kuka. Ni kuwa na shiga gyara ɗankwali.

Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da na samu abin mayarwa. Littafin rubutu ta ɗauko, ta ja layi biyu a shafi ya rabu gida uku. Gidan farko, abin da ya faru kafin nan. Na biyu, abin da yarinya ta yi. Na uku, abin da ya biyo baya. Ta ce mako biyu za a yi ana rubutawa, a gida da makaranta, malamar ajinsu ma za a ba ta irinsa. Ta ce hali ba daga sama yake faɗowa ba, akwai abin da ke kunna shi, kuma sai an gan shi ake sanin inda za a kama. Tunda ni ke wuni a gida, ni aka ɗora wa.

A hanya 'yata ko kallona ba ta yi ba. Sai da muka hau mota ta ce, "Rabin ranar aikina ya tafi a kan lafiya lau."

Aji huɗu na yi a makaranta, rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Amma da biro ya zauna a hannuna, sai na gane ashe abin da na rasa ke nan a rayuwa. Gida na biyu da na uku ba su da wuya: ta jefar da cokali, uwarta ta daka mata tsawa. Gidan farko ne ya yi mini kaɗan. Abin da ya faru kafin nan? Ai abubuwa da yawa suna faruwa kafin nan! Ta ina mutum zai fara? Sai na riƙa farawa daga safe.

Gidanmu bene ne mai hawa uku, mu muna na tsakiya. A ƙasa akwai Mai Ɗinki, ɗakinta na kallon ƙofar shiga, ba mai wucewa ba ta gan shi ba. Kullum da la'asar nakan sauka in zauna a benci kusa da kekenta, ita tana taka ƙafa, muna taɓa duniya. Duk wannan na zuba a littafi. Wanda ya sayi firiji, wadda ta yi yaji ta dawo da kanta, abin da Mai Ɗinki ta ce, abin da na ce. Na tsallake layin Mai Tabarau, na bi gefen shafi, na juya baya. Kwana tara littafi ya cika, na ƙaro wani.

A makonnin nan biyu Kunama ta yi faɗa uku a makaranta. Takalmi mai igiya bai hana komai ba.

Da muka koma, na miƙa littattafaina biyu ina jiran yabo. Mai Tabarau ta sa wata ma'aikaciya ta tafi da Kunama ɗakin zane, ta fara karatu. Da fari tana danne dariya, na ga kafaɗarta na rawa a wurin labarin firiji. Can sai dariyar ta ɗauke. Ta jawo shafin malamar aji, wanda bai fi layi tara ba, ta ɗauki fensir tana sa alama nan da can.

"Kaka, Mai Ɗinki tana da yara?"

"'Ya ɗaya. Shiru-shiru, baiwar Allah. A ƙarƙashin teburin yanka take aikin makarantarta."

"Ajinsu ɗaya da jikarki?"

"Benci ɗaya ma a da."

Ta juyo da littafin ta nuna mini rubutuna. Ranar Litinin na rubuta: "Na sauka shanya katifar Kunama, Mai Ɗinki ta ce ruwa ne ya zube, na ce ina fa, ruwan cikinta ne, goɗai-goɗai da ita har yanzu." Ta nuna shafin malama. Talata: yara suna dariya a bayan aji, ban ji abin da aka ce ba, ta mari ɗaya.

Ranar Alhamis na rubuta yadda na tsinci wasiƙa a ƙarƙashin matashinta, wadda ta rubuta wa ubanta ba adireshi, da yadda na karanta wa Mai Ɗinki har muka yi hawaye. Juma'a: wani yaro ya ce mata "Babana ka dawo" da siririyar murya, ta kwaɗa masa jaka.

Na ukun kuwa, da na ba Kunama wannan labari ta duba kafin kowa ya gani, ta soke shi da jan biro har takarda ta huje. Don haka ku yi haƙuri da biyu.

'Yata ta juyo ta dube ni. Tun da na haife ta ban taɓa ganin wannan kallo a idonta ba.

Na ce, "Ni fa ban zagi yarinya ba. Hira ce. Tausayinta ma muke ji."

Sai na ci gaba da kare kaina. Na ce su ba su san yadda abin yake ba. Labari ba a cinsa kyauta. Wadda ta ba ka na hawa na uku, sai ka ajiye mata wani abu a madadinsa, in ba haka ba gobe ta gan ka ta ce aiki ya yi mata yawa. Da ina tsohuwar unguwarmu ina da gida arba'in a tafin hannuna. Nan kuwa me nake da shi? Ba na fita, ba na ganin kowa. 'Yata ta fita da safe ta dawo a gajiye, ko abin faɗa ba ta yi. Yarinyar ce kaɗai ke motsi a gidan.

Da na ji abin da bakina ya faɗa, sai na so in mayar da shi, amma ya riga ya fita.

Mai Tabarau ta ce, "Ba ke kika ture yarinya a matakala ba, Kaka. Hannunta ne, kuma hannun za mu koya wa. Wasu yaran a yi musu fiye da haka ba su daki kowa ba, ita tata wutar da sauri take kamawa. Amma ba zan iya kashe wuta ana zuba mata kananzir ba. Kuma ki sani, da kin tsaya a cikin layin da na ja, da ban ga wannan ba."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba. Har yau ban sani ba.

Ta jero mana aiki. Duk Laraba Kunama za ta zo su gwada yadda ake yi in an tsokane ka: ita Mai Tabarau ta zama mai tsokana, yarinya ta koyi jin lokacin da ƙirjinta ya fara zafi kafin hannu ya tashi. An ba ta wani ɗan kati shuɗi, in ta ɗaga, malama za ta bar ta ta fita ta sha iska minti biyar ba tambaya. Uwarta za ta ba ta minti goma kullum, ba gyara, ba faɗa, ba waya a hannu. In ta yi abin kirki a faɗi abin da ta yi, ba a ce "yarinyar kirki" kawai ba. Zancen katifa kuma a kai ta wurin likitan yara, ba laifinta ba ne. Malama za ta ja kunnen masu tsokana.

"Ni fa?" na ce.

"Ke naki ɗaya ne. Abin da ya faru da ita a gida, ya tsaya a gida. Kuma ki gaya mata da bakinki."

Kowa an ba shi abin yi, ni an ba ni abin bari. Wa ya fi shan wuya?

Da yamma na same ta tana goge takalmi. Na zauna a bakin gado na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Ƙawata, maganganun nan da ake yi miki a aji, daga bakina suka fita."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun tuni."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, shi ma sai kin kai."

Na ce daga yau an daina. Ta ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mai tallan maganin ƙara tsawo.

Na daina ɗin kuwa, amma abin haushi, a makon farko sai da ta sake yin faɗa. Magana zarar bunu ce, wadda na riga na saki tana nan tana yawo a aji ba ta san na tuba ba. Katin yana aljihunta, ta ce sai bayan ta yi marin ta tuna da shi. Na ce wa Mai Tabarau maganinta ba ya ci, a ba mu na sha. Ta ce makon farko ke nan, a ci gaba. Na ƙirga a kalanda: saura mako huɗu cif. Ko kwana ɗaya babu na ɓatarwa.

Ban fasa sauka wurin Mai Ɗinki ba, don in na fasa shi ma labari ne. Amma na zama baƙuwa mai zuwa hannu rabbana. Ta ce ya jikar taki, in ce lafiya lau. Kalmar da na koya wa yarinya ta dawo kaina. Kwana uku ta gane, ta fara ba ni guntu-guntu, irin wanda ko yaro ya sani. Da rana in ga abu a gida, ya taso mini har maƙogwaro, in rasa inda zan kai shi, sai in shiga kicin in gaya wa tukunya.

A mako na uku aka yi abin da ba a taɓa yi ba a benen. Da hantsi babbar mota ta tsaya, ƙarti huɗu suka hau hawa na uku suka sauko da kayan maƙwabcinmu Mai Gyaran Waya kaf, har labule. Matarsa na tsaye tana dariya. Dariya fa! Shi kuma yana zaune a matakala da takalmi ƙafa ɗaya. Wata mata da ban taɓa gani ba tana cikin mota ta rufe fuska da jarida. Duk ta taga na gani, kamar an ba mai yunwa ƙamshi.

Ban jira la'asar ba. Na tarar da Mai Ɗinki ta share mini benci, har shayi ta zuba mini.

"Yaya, yau akwai magana," in ji ta. "Matar da ke cikin motar nan, in na gaya miki ko wace ce, sai kin faɗo daga bencin nan."

"Ina riƙe da bango. Faɗi."

Ta zare zare daga allura a hankali. "Af, na ce ba, wai ina kuke zuwa duk Laraba da Kunama? Na ga har uwar tana barin kanti."

Wallahi sai da na ji maganar ta hau kan harshena ta zauna, da kati shuɗi da komai. Labari ne mai kyau, na san yadda zan jera shi, na san inda za ta riƙe baki. Na kurɓi shayi ya ƙone ni. Na ce bari in biya da nawa.

"Kin san haƙoran gaban nan nawa ba nawa ba ne? A kofi suke kwana."

"Haba Yaya, wannan ai tun ranar da kika yi atishawa a ƙofa kowa ya sani."

"To, mijina marigayi sau biyu yana sakina."

"Kin faɗa mini. Sau uku ma kika ce wancan karon." Ta ɗora ƙafa a keke. "Laraba fa?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta dube ni, ta dubi kofin shayinta kamar tana son ta karɓe. Sai ta taka keke, ƙararsa ta cika ɗakin. Ta ce mai rigar nan da yamma zai zo karɓa.

Na hau sama ina zagin matakala ɗaya bayan ɗaya. Kunama na zaune a ta ƙarshe da jakarta, ashe an tashe su da wuri. Ban san iya abin da ta ji ba. Ta dai karɓi sandata ta buɗe mini ƙofa.

Saura kwana biyu a yi hutu aka kira mu makaranta. 'Yata ta baro kanti ta zo da gudu. Abin da ya faru, malamarsu ba ta zo ba, wani malami ya riƙe ajin. Wata ta tsokani Kunama, ta ɗaga kati, shi bai san zancen kati ba ya ce ta sauke hannu ta zauna. Ta sake ɗagawa, ya daka mata tsawa. Sai ta tashi ta fice ba izini, ta tarar da bokitin shara a baranda, ta yi ta harbinsa har ya tsage gida biyu.

Shugaba ya ajiye bokitin a kan teburinsa kamar gawa. Ya karanta takardar Mai Tabarau, ya karanta ta malamar aji, ya daɗe yana kaɗa biro.

Na ce, "Malam, a cikin sharaɗinka dai ban ji an ambaci bokiti ba."

'Yata ta taka mini ƙafa.

Ya tambayi Kunama, "Da kika fita, ita wadda ta tsokane ki tana ina?"

"A bencin bakin ƙofa."

"Kika wuce ta?"

"Na wuce ta."

Ya rufe fayil. Ya ce ta dawo bayan hutu, zango ɗaya na gwaji, Laraba kuma ba fashi. Bokiti mu kawo sabo. Ba a ce ta warke ba, Mai Tabarau ma ta ce da sauran tafiya, kuma ta ƙara mini littafi na uku, wai wannan karon in tsaya a cikin layi.

A hanyar gida uwar ta koma kanti, muka rage mu biyu. Muna dab da ƙofa Kunama ta ja hannuna na sunkuya, ta raɗa mini abin da yarinyar da ta tsokane ta ta ce mata, da abin da ita ta so ta yi mata ba ta yi ba. Ta saki hannuna tana kallona.

Mai Ɗinki na zaune a bakin kekenta, ta ga bokitin da ya tsage a hannuna, idonta ya yi haske.

"Yaya, daga ina haka da bokiti?"

Na ce, "Sannu da aiki," na kama ƙarfen matakala.

Har yau ban san ko wace ce a cikin motar nan ba. Duk benen sun sani, har mai kawo ruwa. Ni kaɗai ce ban sani ba.